Baba Garbai, Mai Ɗaura Wa Dabino Aure

Idan ɗari ya kama, dabino ya soma fure, Baba Garbai ba ya jiran kowa ya tashe shi. Yana sallame sallar asuba zai zauna ƙofar ɗaki da igiyarsa ta kaba, ya bi ta taƙi-taƙi da yatsa yana neman inda ta ci. Matarsa Ya Kaka ta miƙo masa kunu, ya sha rabi ya bar rabi, ita kuma ta yi mitar da ta saba yi shekara talatin. Sai ya soke 'yar wuƙarsa, ya rataya gora mai murfin fata, ya gangara Kwarin Bintu. Ga wanda bai san ƙasarmu ba, kwari shi ne inda tuddan rairayi suka ja baya suka bar ƙasa mai damshi a tsakiya, ruwa kusa, kamu huɗu ka tarar da shi. Namu yana gabas da Gure, tafiyar hantsi. Wace Bintu ce mai sunan, ba wanda ya tuna.

Ba ya hawa sai raɓa ta bushe. Kafin nan zagayawa yake yi, kansa a sama, yana duba wadda kuben furenta ya tsage. Shi dabino akwai namiji akwai mace. Mace ke 'ya'ya, namiji fure kawai yake yi, fure mai zubar da wani abu fari kamar garin gero. In garin nan bai taɓa furen mace ba, abin da za ta haifa ba ƙwallo ba zaƙi, ko akuya sai ta ga dama take ci. Iska takan kai kaɗan, sauran kuwa Baba Garbai ke kaiwa. Zai zarga igiya a ƙugunsa da gangar itacen, ya hau ba takalmi, ya fara sassare ƙayar da ke gindin ganye, sannan ya ciro silin furen namiji uku ko huɗu daga gora, ya kifa su cikin na mace, ya ɗaure da ganye sako-sako, ya ce bismillahi. Mace in ta tsage kwana huɗu ko biyar take jira, in ba a zo ba shi ke nan sai baɗi. Wannan aiki shi mutanen kwari ke kira ɗaurin aure, shi kuma suna tsokanarsa da liman, limamin da ba a taɓa kai wa goro ba.

Ni Lawali ne, ɗan kwarin nan. An ɗauke ni ina ƙarami aka kai ni lakwal, wato makarantar Nasara, a Damagaram, na dawo ina fassara wa Nasara magana a Gure. Bana, cikin 1937, duk inda ka zauna hirar sabbin abubuwa ake yi: kamiyo, babbar motar nan da ke kai mutum Damagaram kwana ɗaya da yini maimakon kwana shida na ƙafa, rogon da aka kawo a dasa don fara ba ta iya cin abin da ke cikin ƙasa, akwatin da ke waƙa a gidan kumandan. Ni ma ina cikin masu wannan hira, na ma fi kowa zaƙewa, don a kusa da su nake zama. Amma yau ba su na ɗauki alƙalami in yaba ba. Akwai maganar da ta yi shekara huɗu tana cina, kuma mai ita yana da rai, gara ta fita yana ji.

Shekara talatin da wani abu Baba Garbai ya yi yana wannan aiki. Wurin kawunsa ya koya, wani tsoho da ya yi ƙuruciyarsa yana bin ayarin gishiri zuwa Kawar, ya ga yadda mutanen can ke yi wa dabinonsu. Kwarinmu na da mata saba'in da huɗu, na gidaje ashirin. Huɗu ne kacal nasa, amma duk saba'in da huɗun hawansu yake, ba ya tambayar na wane ne. In an yi girbi wanda ya tuna ya aika masa da nonon dabino ɗaya, wanda ya manta kuma baɗi a hau masa kamar bai manta ba.

Yabawa, wata dattijuwa da ke sayar da dabino a kasuwar Gure, ta faɗa mini da bakinta cewa mijinta ya rasu ana tsakiyar fure. Ta shiga takaba, ko tunanin itatuwa ba ta yi ba. Da ta fita ta gangara kwari tana shirin ganin asara, sai ta tarar da matan dabinonta tara duk sun sunkuya da kaya.

"Na tafi in yi masa godiya," in ji ta, "sai ya ce mini wai iska ce. Na ce, Baba, iskar nan har ta iya ƙulli da ganye?"

Shekarar da fara ta cinye gero yunwa ta biyo baya, goruba da dabinon kwarin nan suka riƙe mu har sabon hatsi ya shigo. Ni kaina na ga uwata tana jiƙa dabino biyar a ƙwarya ta raba ruwan ga ƙannena. Kowa ya gode wa Allah, kuma haka ya kamata. Wanda ya hau itatuwan wata biyar kafin nan, ba na jin akwai wanda ya je ƙofarsa ya ce masa sannu.

Bayan yunwa da shekara ɗaya aka zo gyaran hanyar mota. Akwai wani wuri arewa da kwarinmu mai laushin rairayi, inda kamiyo ke nutsewa har ciki, sai an tara mutum talatin su tura. Nasaran da ke kula da aikin ya ce a shimfiɗa gangar itatuwa a wurin, miƙaƙƙu, ya yanka wa kwarinmu guda ashirin. Ni na fassara wa bulama, wato maigarinmu. Mata suka ce goruba kam ba mai taɓa ta, ita ta ciyar da 'ya'yansu. Masu dabino kuwa kowa ya kankane matansa. Ana ta cacar baki a ƙofar bulama, sai ni, mai ilimin lakwal, na gyara murya na ce, "To, a ba da waɗanda ba su haihuwa mana. Me namiji ke ba ku?"

Kada in yi wa mutane ƙarya, ba wai ba su san amfanin namiji ba. Kowa ya sani. Sai dai kowa ya ɗauka na maƙwabcinsa zai tsaya, ɗaya ko biyu ai sun ishi kwari. Kowa ya ja ni gefe ya nuna mini nasa yana murna matansa sun tsira, ni kuma ina bi da farar ƙasa a ƙwarya ina rubuta lamba a jikinsu, irin yadda aka koya mini. Maza goma sha tara ne a kwarin. Na rubuta ɗaya har zuwa goma sha tara, aka cika na ashirin da wata tsohuwar mace da ta daina yi. Abin da Nasara ya nema na ƙirga, ban ƙirga abin da ya rage ba. Baba Garbai ba ya nan a lokacin. Ya tafi aikin tilas can gaba a kan hanyar, kwana ashirin, a madadin wani maƙwabcinsa mai ciwon ƙirji. Kafin ya dawo gatari ya gama aikinsa.

Alhasan mai raƙuma, wanda suka dawo tare, shi ya ba ni labarin abin da ya faru. Suna tafe da rana suka iso wurin da aka yi sabuwar shimfiɗa. Baba Garbai ya taka ta farko, ya taka ta biyu, sai ya tsaya. Ya durƙusa ya shafa. Tsofaffin itatuwa da jikinsu ya yi santsi yakan yi musu 'yan sara inda zai sa ƙafa, to saran hannunsa ya gani.

"Wannan na bakin rijiya ne," ya ce. Ya matsa gaba da gwiwa. "Wannan kuwa na kawu ne, mai garin fure na kirki."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran kowanne da inda yake tsaye. Da ya kai ƙarshe sai ya zauna a kan rairayi.

"Na ce masa, Baba, tashi mu tafi, rana na yi," in ji Alhasan. "Ya ce, Alhasan, ba su bar ko guda ba. Na ce, wa ya sani, ƙila da saura. Ya ce, ni na sani."

Da ya tashi bai sake taka su ba, ta cikin rairayi ya bi gefensu har suka wuce.

Shekarar nan mata suka tsage, suka jira, ba abin da ya zo. Abin da suka ɗauka ya karkaɗe tun yana kore, wanda ya tsaya kuma ba ƙwallo a ciki. Gidaje huɗu suka tattara suka koma wajen Kelle, har yau biyu ba su dawo ba. Wata asarar ma ba mu hango ta ba sai daga baya. Mazan nan yawancinsu a bakin kwari suke, gindin tudu, wajen da iska ke shigowa, don ba wanda ke ba namiji wuri mai kyau. Da suka kau sai rairayi ya samu ƙofa. Cikin shekara biyu ya binne garkar albasa uku da rijiya ɗaya.

Baba Garbai bai je ƙofar bulama ya ɗaga murya ba. Da ni ne da na je, har a ji ni Damagaram. Ni kuwa da na yi ɓarnar, abin da na iya shi ne ƙaurace wa kwari. In na hango shi a kasuwa sai in faɗa rumfar maɗinka in tsaya ina taya yadin da ba ni da niyyar saye. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi.

Da ɗari ya zagayo sai tsohon ya ɗauki gorarsa ya kama hanya. Akwai wani kwari na dangin uwarsa, kwana biyu a ƙafa, can ya je ya roƙi furen namiji. Ya dawo ya shanya shi a inuwar ɗaki kan faifan Ya Kaka, ya hau waɗanda suka tsage, da gora ta yi ƙasa ya sake komawa. Sau biyu kowace shekara, shekara uku a jere, mutumin da gemunsa ya yi fari. Wata rana mai tuƙa kamiyo ya gan shi yana jan ƙafa a gefen hanya, ya tsaya ya ce ya hau. Ya yi godiya ya ƙi. Alhasan ya tambaye shi ko fushi yake da hanya.

"Hanya ba ta yi mini laifi ba," ya ce. "Ita ta kai ɗiyar Yabawa wurin likita ta rayu. Amma ni dai ba zan bi ta kansu ba."

Ga kuma wani aikin da ya ɗora wa kansa. Dabino in an sare shi yakan bar toho a gindi, 'yan ƙanana da awaki ke so. Ya bi kututture goma sha tara, ya kewaye masu toho da ƙaya, yana kai musu ruwa da tulu duk rani. Biyar suka rayu. A gindin tudun kuma ya kakkafa kaba jere-jere, shinge bayan shinge, rairayi ya binne ɗaya ya kafa wani a samansa. Masu wucewa suna ce masa, "Liman, yau da tudu kake kokawa?" Shi kuma ya ce musu ai shi ne ya fara.

Baba, kai ne ka san kowace mace a kwarin nan da halinta, wadda ke saurin tsagewa da wadda ke jan rai. Kai ne ka je roƙon fure a kwarin mutane, kai da ba ka taɓa roƙon ko allura ba, don matan da ba naka ba. Dabinon da aka sha ruwa da shi a Gure azumi uku da suka wuce, da ƙafarka ya zo, masu buɗa baki ba su sani ba. Liman na kwari, mai hawa ba a aike shi ba. Ina faɗin wannan ƙirjina na zafi, don duk wannan tafiya ni na jawo maka ita da ƙwaryar farar ƙasa.

Ban tsaya nan ba ma. Watannin baya wasu Nasaru masu binciken itatuwa suka zo ƙasar nan, suna yawo suna tambaya ko gaskiya ne rairayi na cin ƙasa yana gangarowa kudu. An ce har a ƙasarsu ana gardama a kan haka. Ni na raka su kwari. Suka tambayi bulama me ya sa rairayi ya shigo ta nan, bulama ya dube ni, ni na dubi ƙasa, muka ce ikon Allah ne. Da suka ga shingen kaba suka tsaya suka daɗe, ɗayansu ya auna, ya ɗauki hoto, ya ce wannan dabara ce da ya kamata a yi ko'ina, wa ya yi ta? Na ce, "Wani tsoho ne." Sunan na kan harshena, na haɗiye, don na san in na kira shi sauran labarin zai biyo baya. Suka tafi da hoton shinge, ba su ga mai shi ba, alhali yana gida kwance.

Kwanciyar kuwa ga dalilinta. Bara, ana gab da gama fure, yana kan ta saba'in da ɗaya, wani tsohon gindin ganye ya karye masa a ƙafa. Igiya ba ta ci amanarsa ba, zamewa ta yi tare da shi har ƙasa. Ƙugu ya karye. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙafar ta haɗe amma ta gajarce, yanzu da sanda yake tafiya. Ya Kaka ta ce ranar da aka kwantar da shi ba ciwon yake kira ba, tambaya yake wa zai hau ukun da suka rage. Ba wanda ya hau. Shekara talatin muna kallonsa daga ƙasa, ba a samu mutum ɗaya da ya ce a nuna masa ba.

Makon jiya ina zaune a biro, ofishin da nake aiki, sai ga Ya Kaka a ƙofa, ko sallamar kirki ba ta yi mini ba.

"Lawali, tsohon nan ya ce ka zo kwari. Don ta ni da ban kira ka ba."

Na tafi. Na tarar da shi zaune a gindin ɗaya daga cikin tohon nan biyar, wanda yanzu ya kai ƙirjin mutum, sanda a gefe, wani abu a kan cinyarsa.

"Wushe, Baba," na gaishe shi da gaisuwar ƙasarmu.

"Wushe, malamin Nasara. Zauna, wandonka zai wanku."

Na zauna. Ya miƙo mini abin da ke hannunsa, kuben fure ne, ya tsage, fari tas a ciki.

"Shinshina. Ɗan na kawu ne, furensa na fari. Shekara uku ina roƙo a kwarin mutane, yau ga shi a gida, ko miƙewa ban yi ba na yanke shi."

Sai ya ɗaga kai ya dubi dogayen matan da ke kewaye da mu. Nan abin ya fi ƙarfina.

"Baba, ni ne na ce a sare su. Ni na bi su da farar ƙasa."

"Na sani tun kan hanya. Duk kwarin nan wa ke rubutun Nasara in ba kai ba?"

"Me ya sa ba ka taɓa yi mini magana ba?"

"Ka zo ne balle in yi? Shekara huɗu ƙeyarka nake gani a rumfar maɗinka."

Na ce ya yafe mini, hawaye na zuba, ban ɓoye ba.

"Wannan mai sauƙi ce, na yafe," ya ce. "Cire takalmin."

Ya turo mini igiyar da sandarsa. Shekarata talatin da takwas, ga tumbin zaman biro, rabona da hawa itace tun kafin a kai ni lakwal. Matan da ke ɗibar ruwa suka ajiye tuluna suka zo kallo, ɗaya na cewa a kawo tabarma a shimfiɗa a ƙasa tun da wuri. Na hau dai, ƙaya ta shiga tafin hannuna har biyu. Shi kuma yana ƙasa yana ta ba da umarni.

"Kifa shi, kifa shi, ƙasa garin ke zuba! Kada ka matse ƙullin, ba kayan jaki kake ɗaurewa ba. Ka ce bismillahi kuwa?"

Kafin azahar na yi uku, na sauko. Ya dubi hannuna mai jini, ya dubi sama, ya ce ukun ma aure ne. Tun ran nan kullum da hantsi ina kwari, na roƙi izini a biro an ba ni.

Baba Garbai, na gode. Na gode a madadin uwata da ƙannena da suka sha ruwan dabinonka shekarar yunwa, da Yabawa, da gidaje ashirin da ba su taɓa cewa sannu ba. Na gode da ba ka tona ni ba ran da kake da ikon yi, ka bar ni na tona kaina. Ƙafarka ba zan iya mayar maka da ita ba, ko shekarun da ka ɓatar a hanya, wannan zan mutu da nadamarsa. Allah ya saka maka, ya sa abin da ka dasa ya yi maka inuwa ranar da ba inuwa.

Ku kuma mutanen Gure da na kwari, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ban ce kada ku hau kamiyo ba, ku hau, ku dasa rogo, ku saurari akwatin waƙa. Amma garin fure yanzu ba shi ne matsala ba. Biyu daga cikin tohon sun kumbura za su tsage, Alhasan kuma ya tafi da raƙumi ɗebo ƙari daga wancan kwarin. Mai koyarwa yana nan zaune a gindin itace, idonsa garau, bakinsa kuwa ya fi da kaifi. Ya Kaka ta tufka igiya shida, ɗaya na ƙuguna, biyar na rataye a jikin shinge. Mace kwana huɗu ko biyar take jira, ba ta san bulama ba, ba ta san kumandan ba.

Yau da safe tsohon ya zagaya da sandarsa, kansa a sama kamar yadda ya saba, ya dawo ya zauna kusa da ni.

"Goma sha ɗaya suka tsage," ya ce.

Ni uku nake iyawa.